Taswirar da ta tona asirin shingayen hanyar Kumasi zuwa Paga

Daga wakilinmu a Kumasi

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗauko albasa daga Galmi ta Jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar ya sauke ta a Kumasi, ko ya loda shanu daga kan iyakar Paga ya nufo mayankar Kaase da su, ya san abin da kan faru bayan an gama ciniki. Za a zauna a gidan maigida a Zango, a cire uwar kuɗi, a cire kuɗin mota da na 'yan dako da la'adar dillali, sai a ga abin da ya rage bai kai yadda aka yi tsammani ba. Idan aka waiwayi direba aka tambaye shi ina sauran, amsarsa ba ta wuce kuɗin hanya. Shi kansa direban ba lallai ne ƙarya yake yi ba, domin kuwa abin da ya miƙa a wannan shinge da wancan bai taka kara ya karya ba, har ma ba zai iya tuna nawa ya bayar a ina ba. Sai dai Hausawa kan ce da yayyafi kogi kan cika.

Matsalar ita ce kuɗin da ke fita a gutsure ba sa ganuwa. Kowa ya san suna fita, amma babu mai iya nuna su da yatsa. Wannan ce ta sa muka ga ya dace mu waiwayi wani aiki da aka yi a kan hanyar da ta ratsa ta cikin Kumasi, inda aka tattara waɗannan 'yan gutsattsarin kuɗi aka zana su a taswira, har abin da ke ɓoye ya fito fili, sa'annan mu ga yadda ɗan kasuwa zai yi irin wannan dabara da kwali da biro a rumfarsa.

Rubuta hanya gadon Zango ne

Kafin mu je can, ya kamata mai karatu ya san cewa mayar da hanya a kan takarda tsohuwar sana'a ce a wannan gari. A shekarar 1817, zamanin Sarkin Asante Osei Bonsu, wani Bature ɗan Ingila mai suna Thomas Bowdich ya zo Kumasi, kuma daga bakin Musulmin garin ya samo labarin hanyoyin da suka nufi arewa. Bayan shekara uku wani mai suna Joseph Dupuis ya biyo baya, shi ma ya karɓi takardun da malamai da fatake suka rubuta da Larabci, masu jera garuruwa zango bayan zango, ya buga su a littafinsa na 1824. Wato tun kafin Turawa su san inda hanyoyin cikin ƙasa suka bi, fataken goro sun riga sun san su a rubuce.

Madugun ayarin da ya taso daga Kano ko Katsina zuwa Gwanja ya san kwana nawa ne tsakanin wannan zango da wancan, ya san inda ake biyan fito da inda sarkin gari ke karɓar nasa rabo. Da yaƙin basasa ya tarwatsa kasuwar Salaga a 1892, kuma Turawa suka ci Kumasi a 1896, sai 'yan kasuwa suka riƙa gangarowa kudu har Zangon Kumasi ya bunƙasa. Jakuna sun ba wa manyan motoci wuri, amma tsayawa a biya a hanya bai gushe ba. Abin da ya ɓace shi ne lissafin madugu.

Yadda aka yi taswirar

A shekarar 2005, ƙungiyar ECOWAS da takwararta UEMOA ta ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa suka kafa wani shiri na sa ido a kan haramtattun ɗabi'u a manyan hanyoyi, wanda aka fi sani da OPA, tare da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ta hannun cibiyarta ta West Africa Trade Hub da ke Akara a lokacin. An fara tattara bayanai a ƙarshen 2006 a kan hanyoyi uku: Tema zuwa Wagadugu, Wagadugu zuwa Bamako, da Lome zuwa Wagadugu. Ta farkon, mai tsawon fiye da kilomita 1,000, ita ce ta bi ta Kumasi da Techiman da Kintampo da Tamale da Bolga kafin ta tsallaka a Paga.

Tsarin aikin ba shi da wuya. Ana zaɓar direban da takardunsa da na motarsa da na kayansa suka cika, a ba shi takarda ya tafi da ita. Duk inda aka tsayar da shi sai ya rubuta sunan wurin, da wanda ya tsayar da shi, ko ɗan sanda ne ko kwastan ko jandarma ko wani dabam, da abin da ya bayar ba tare da rasit ba, da kuma mintocin da ya ɓata. Idan ya isa sai ya miƙa takardar ga jami'an da aka tanada, a shigar da ita cikin kwamfuta. Hikimar zaɓar mai cikakkun takardu ita ce a toshe bakin mai cewa ai direban ne ya yi laifi ya nemi a rufa masa asiri.

Da a ce an tsaya a nan, aka buga dubban lambobi jere a cikin rahoto, da babu wanda zai karanta. Abin da ya ba aikin ƙarfi shi ne dabaru uku na zane.

Ta farko, an mayar da kowane shinge wurinsa a kan taswira, aka bambanta alamar kowace hukuma. Mutum ko bai iya karatun boko sosai ba, da ya ɗora ido zai ga inda alamomi suka yi cincirindo da inda hanya ta yi fayau, ya kuma gane na wane ne suka fi yawa.

Ta biyu, an auna kowace ƙasa da mudu ɗaya, wato a kowane kilomita 100. Dalilin a fili yake. A ɗauka, a matsayin misali, wata ƙasa tana da hanya mai kilomita 900 da shingaye 27, wata kuma kilomita 200 da shingaye 10. A ido sai a ce ta farkon ce ta fi muni, alhali idan aka raba, ita tana da 3 a kowane kilomita 100, ta biyun kuwa tana da 5.

Ta uku, a wancan lokaci ana sake fitar da taswirar duk bayan wata uku. Wannan ya sa ana iya jan layi daga rahoto zuwa rahoto a ga ko abin yana hawa ko yana sauka. Hukumar da ta yi alkawarin ɗage shingaye, bayan wata uku za a ga ko ta cika.

Rahotannin shekarun farko sun nuna cewa a cikin ƙasashen da aka auna, Mali ce ta fi tsadar cin hanci a hanya, yayin da a ɓangaren Gana abin da ake karɓa ya fi sauƙi duk da cewa tsaye-tsayen suna da yawa. Dukkansu kuma sun zarce abin da ƙa'idar UEMOA ta 2005 ta tanada wa ƙasashenta, wadda ta taƙaita binciken motar da ke ratse zuwa wuri uku: inda ta taso, kan iyaka, da inda za ta sauke. Daga baya wani shirin na USAID mai kula da cinikin amfanin gona ya bi hanyar albasa daga Nijar ta Bittu da Kulungugu da Bawku zuwa kudancin Gana, inda ya gano cewa masu ɗauko albasa suna biyan fiye da abin da masu kayan tashar jiragen ruwa ke biya nesa ba kusa ba. Ɗan kasuwa ba ya buƙatar a faɗa masa dalili. Mai kwantena yana iya kwana a shinge yana gardama, mai albasa ko tumatir kuwa kowace sa'a a rana asara ce, kuma mai tsayar da shi ya san haka.

Wannan aiki ne ya share hanyar kafa ƙungiyar Borderless Alliance a 2011, wadda ta buɗe ofisoshin ba da bayani ga 'yan kasuwa a kan iyakoki irin su Aflao da Paga. Ba za a ce taswirar ta kawar da shingaye ba, duk mai bin hanyar shaida ne. Amma ta sauya yadda ake maganar. Kafin ta, ƙorafin direba ne kawai, wanda jami'i zai iya kira sharri. Bayan ta, sai aka sami abin da za a shimfiɗa a teburin minista. Gani ya kori ji.

Dabarar ta daɗe a duniya

A 1854 cutar kwalara ta kashe mutum sama da 600 a unguwar Soho ta birnin Landan. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana ƙirga mamata, ya shawo kan hukuma aka cire hannun famfon titin Broad, sa'annan ya zana taswirar unguwar ya sa ɗan baƙin layi a kan kowane gida gwargwadon waɗanda suka mutu a ciki. Sai ga layukan sun taru a kewayen famfon. A lokacin yawancin likitoci sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo cutar, taswirar kuwa ta nuna wa mai ido ruwa ne.

Wanda ya fi kusa da halin ɗan kasuwa shi ne zanen da wani injiniya ɗan Faransa, Charles Minard, ya yi a 1869 a kan yaƙin da Napoleon ya kai Rasha a 1812. Ya zana rundunar a matsayin layi mai kauri da ke bin hanya, kaurin layin shi ne yawan sojoji. Layin ya tashi da mutum 422,000, yana tafiya yana ramewa, ya isa Mosko da 100,000, ya komo gida da 10,000 kamar zare. Mai kallo zai ga daidai kogin da aka tsallaka aka yi asara mai yawa. Idan aka cire sojoji aka sa ribar mota guda ta albasa, aka cire Mosko aka sa Kumasi, to an sami zanen da kowane ɗan kasuwa ke buƙata.

Zane uku da za ka yi da hannunka

Na farko shi ne zanen hanya. Samu kwali mai faɗi, ka ja layi daga sama zuwa ƙasa, ka jera garuruwa a kai yadda suke, daga inda ka loda zuwa inda ka sauke. Ba yaron mota ƙaramin littafi ya riƙa rubuta wuri da kuɗi da minti. Idan sun iso, a gefen dama na kowane gari ka ja sanda mai tsawo daidai da kuɗin da aka biya, misali faɗin ɗan yatsa ɗaya ga kowace sidi 20, a hagu kuma ka ja ta mintoci. Yi amfani da jan biro ga abin da ba shi da rasit, shuɗi ga mai rasit. Bayan tafiya biyar ko shida za ka ga ko wuri uku ne kacal ke cinye rabin kuɗin hanyarka. A ɗauka an tsayar da mota sau 40, kowane wuri sidi 20 da minti 15. Kuɗin sun kama sidi 800, lokacin kuma sa'a 10 cur. Idan motar na zuwa sau biyu a wata, a shekara sidi 19,200 ke nan. Wannan misali ne kawai, naka lissafin shi zai gaya maka gaskiya. Bugu da ƙari, zanen yana raba gardama tsakanin mai kaya da direba, wadda ta sha ɓata amanar shekaru.

Na biyu shi ne zanen farashi. A littafin lissafi mai gida-gida irin na 'yan makaranta, jera watanni goma sha biyu a ƙasa, farashin buhu a gefe, ka riƙa sa ɗigo kowace ranar kasuwa sa'annan ka haɗa ɗigogin. Kowa ya san albasar Galmi tana arha lokacin girbin rani, wajejen Maris zuwa Mayu, tana kuma tsada daga ƙarshen damina zuwa ƙarshen shekara. Abin da ƙwaƙwalwa ba ta riƙewa shi ne makon da farashin ke juyawa, da ko tsadar ta isa ta biya abin da ya ruɓe a rumbu. Idan ka ɗora layin bara a kan na bana da biro mai launi dabam, za ka ga wannan.

A nan akwai tarko ga mai saye da sefa yana sayarwa da sidi. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya a kan sefa 655.957, sidi kuwa tana yawo da kasuwa. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin 100. Misali, buhun da ka sayar sidi 400 bara ya koma 520 bana, sai ka ga kamar ka ci riba. Amma idan jaka guda ta sefa ta tashi daga sidi 10 zuwa 15, to 400 ɗin bara sefa 40,000 ce, 520 ɗin bana kuwa ba ta kai 35,000 ba. Saboda haka ka ja layi biyu, ɗaya na sidi ɗaya na sefa. Inda suka rabu, nan ne ribarka ke zurarewa. Mai tsohon littafi kuma ya tuna cewa a Yulin 2007 an sauya kuɗin Gana, tsohuwar sidi 10,000 ta koma sabuwa 1, kada ya haɗa su a ma'auni ɗaya.

Na uku shi ne zanen bashi. Jera sunayen masu karɓar kaya a hannunka, ka ja wa kowa sanda gwargwadon abin da kake bin sa, ka cike ta da baƙi idan bashin ya haura wata biyu. Littafin bashi shafi-shafi ne, kowane shafi kuma ba ya ba da tsoro. Idan aka tara su a fuska ɗaya ne ake gane ko rabin jari yana hannun mutum biyu. Wannan zanen a ɓoye shi a akwati, domin sirrin mutane ne.

Zane ma yana yaudara

Tun da waya ta shiga hannun kowa, hotunan alƙaluma sun yawaita, kuma ba duka ne ke faɗin gaskiya ba. Abu na farko da za a duba shi ne daga ina ma'aunin ya fara. Idan aka zana sanda biyu, ɗaya 95 ɗaya 100, amma aka fara ƙirga daga 90, sai ta biyun ta ninka ta farkon a ido, alhali bambancin 5 ne kawai.

Na biyu, matsakaicin lissafi yana rufe ɓarna. Idan motoci tara suka biya sidi 500 kowace, ta goma ta biya 5,500, za a ce matsakaici 1,000 ne, alhali babu motar da ta biya haka, kuma labarin yana wurin ta goman. Gara a sa wa kowace mota ɗigonta.

Na uku, a tambayi su wa aka ƙirga. Taswirar OPA ta masu cikakkun takardu ce a kan babbar hanya. Ba ta ga matar da ke tsallaka iyaka da kwanon kaya a ka ba, ba ta ga ɗan babur ba, ba ta ga mai bin hanyar daji ba. Inda taswira ta yi fari yana iya zama babu wanda ya je ya duba ne.

Na huɗu, auna abu ɗaya bai isa ba. Wasu masana biyu, Benjamin Olken da Patrick Barron, sun sa mutanensu sun bi manyan motoci tafiya 304 a yankin Aceh na Indonesiya, inda suka shaida biyan kuɗi sama da sau 6,000, kusan dala 40 a kowace tafiya, wato kimanin kashi 13 cikin 100 na kuɗin tafiyar. A binciken nasu da aka buga a 2009 sun gano cewa da aka janye sojoji shingaye suka ragu, sai waɗanda suka rage suka ƙara kuɗi. Wanda ya zana yawan shingaye kaɗai zai yi murnar da ta wuce kima. Dole a zana shinge da kuɗi da lokaci tare.

Aikin ya dawo hannunmu

Hanyoyin da aka auna a 2006 sun sauya. Rashin tsaro a gabashin Burkina Faso ya sa masu albasa da yawa suka koma bi ta Gaya da Benin da Togo. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ECOWAS ta rufe iyakoki, motocin albasa masu zuwa Gana suka maƙale a iyakar Benin, kaya suka lalace, farashi ya tashi a Kumasi da Akara. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, sa'annan a ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. A cikin wannan shekarar ta 2025 ce kuma gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID, wadda ta ɗauki nauyin taswirar tun farko.

Ke nan a daidai lokacin da hanya ta ƙara tsawo kuma takardun da ake nema suke sauyawa, bai kamata 'yan kasuwa su zauna jiran wani daga waje ya zo ya ƙirga musu ba. Ƙungiyoyin masu albasa da na dabbobi da na goro da na direbobi suna da abin da babu wata hukuma da take da shi, wato motoci a kan hanya kullum. Idan kowace ƙungiya ta raba wa mambobinta takarda iri ɗaya, sakatare ya riƙa tattarawa, aka sa ɗaya daga cikin 'ya'yan Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango da suka yi karatu ya zana ta duk wata uku, to ranar da shugabanni za su je gaban hukumar 'yan sanda ko ta kwastan ko ɗan majalisa, ba da baki kawai za su je ba. Sharaɗin shi ne a rubuta gaskiya, a sa sunan wuri ba sunan mutum ba, a kuma nuna shingen da aka wuce ba a karɓi ko kwabo ba, domin jami'in kirki ma yana da haƙƙin a gan shi, kuma ƙarya ɗaya tana iya zubar da mutuncin aikin gaba ɗaya.

Kakanninmu sun rubuta hanyar Gwanja da tawada da alƙalamin kara har Turawa suka kwafa. Mu da muke da biro da waya ba mu da uzuri. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.